Albasar Sha ta Jibrin Dillali

Duk Jega babu wanda ya taɓa jin Jibrin Dillali ya yi tambaya. Ko hanya ce ta ɓace masa, cewa yake hanyar ce ta sake wuri. Asalinsa mutumin Aliero ne, jikan manoman albasa, ko da yake shi tun da ya yi wayo bai taɓa duƙawa a fangali ba. Aikinsa tsayuwa a bakin mota yana ɗaga murya ana loda buhu. Amma in zancen noma ya tashi a majalisa, to kowa ya kama bakinsa. Matarsa Tabawa, mace mai haƙuri da yawan tasbihi, ta daɗe da gane cewa gardama da shi ɗiban ruwa ne da rariya, sai ta bar wa Allah.

Wata shekara ya bi motar albasa zuwa Jos. A gidan wani attajiri mai sayen kayansu aka kawo masa abin sha a kofin gilashi, launinsa ruwan ɗorawa, ga ƙanshi, ga zaƙi, ga ɗan tsami a ƙarshen harshe. Jibrin ya kurɓa, ya lumshe ido, ya shanye, ya miƙa kofi aka ƙara. Sai aka kawo masa abin da aka matse a faranti: dunƙulalle, ya kusa cika tafin hannu, launinsa ja mai duhu, sak jar albasar Aliero. Maigidan ya faɗi sunansa na Turawa, wai fasin furut, ya ce, "Taso mu zaga bayan gida ka ga yadda yake fitowa."

Jibrin ya yi dariya har da buga cinya. "Alhaji, ni za a nuna ma wanga? Ai ɗan gidanmu ne. Dubi launi, dubi girma. Albasa ce ta yi boko. Ba ni iri kurum."

Aka ƙulle masa iri a takarda, ya kamo hanya.

Bai ko cire takalmi ba ya tsaya a tsakar gida ya kwance ƙullin.

"Ke, taho ki ga arziki. Albasar sha ke nan. Ba ta sa hawaye, ba a soya ta, matsewa akai a sha. Kafin shekara ta zagayo har gidan gwamnati a Sakkwato sai an aiko neman ta."

Tabawa ta leƙa, ta ga wasu 'yan baƙaƙen ƙwayoyi. "Allah shi sa albarka, Malam. Ƙaƙa anka ce a shuka ta?"

"Anka ce? Wa zai ce? Ni za a ce mawa?"

Nan take ya tuge kabewarta da ke gindin katanga, ya ja fangali irin na albasa, ya yafa iri. Katangar nan ta ƙasa ce, ita ta raba gidansu da na Barau mahauci, wanda bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi, kuma tun suna samari shi da Jibrin ba su haɗuwa su rabu ba a yi musu ba.

Iri ya tsiro. Kajin Tabawa suka yi wa fangalin aikin gayya, tsiro ɗaya tak ya tsira, wanda ya maƙale a jikin katanga. Jibrin ya ce dama wannan ne na ƙwarai, sauran ciyawa ce. Safe da yamma ana kwarara masa ruwa, har gindin katanga ya daina sanin bushewa.

Abin kuwa ya ji daɗin ruwa. Maimakon ya miƙe tsaye kamar lawashi, sai ya shiga rarrafe, yana fitar da wasu siraran hannuwa masu murɗewa, duk abin da suka taɓa sun riƙe ke nan. Ya kama igiyar shanya, ya hau zogale, ya bi ta kan rumfar madafa. Da Jibrin ya jingine kekensa a wurin ya yi tafiya, ya dawo ya tarar an ɗaure masa ƙafar keke tamau.

"Malam," in ji Tabawa, "ni dai ban taɓa ganin albasa ta hau zogale ba."

"Kin taɓa zuwa Jos?"

"A'a."

"To."

Da rani ya yi nisa abin ya haye katanga ya sauka gidan Barau. Wata la'asar, ana zaune a majalisa a ƙofar masallaci, sai ga Barau yana share hannu da gefen riga.

"Dillali, taho ka kama dabbarka. Ta ƙetaro ta rufe mini rumfa, ta hana kilishina ganin rana."

"Haba Na-fawa, lawashi ne fa. Wa ke faɗa a kan lawashi?"

"To in sare?"

"Kul! Ka sare lawashi albasa ta tsaya da girma? Jama'a ku shaida. Duk abin da ya ƙetare katanga na bar ma Barau, halak malak, ya ba tumakinsa. Amma abin da ke ƙasa nawa ne. Ranar haƙa kada in ga ya miƙo hannu."

Barau ya dubi majalisa. "Kun ji ko? Na sama nawa, na ƙasa nashi."

Aka ce, "Mun ji, mun shaida."

Damina ta sauka, ganye ya yi duhu. Wata walaha Tabawa ta fito da buta, sai ta yi turus. Ga wani fure a jikin igiyar shanya, faɗinsa kamar bakin kofi, fari tas, an zagaye shi da zare-zare masu launin shuni kamar gezar mayafi, a tsakiyarsa kuma wasu 'yan sanduna sun miƙe kamar hannun agogo. Ita dai tun da take ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ta tsaya tana Subhanallahi, Subhanallahi, har ta manta da tukunya a kan wuta.

Jibrin ya fito, ya duba, ya sa hannu ya tsinke shi, ya yar.

"Malam! Mi ya yi maka?"

"Ɓarawon ƙarfi ke nan. Ko jariri a Aliero ya san in albasa ta fitar da kara mai fure, karye shi akai. In an bar shi, ƙarfi ya tahi sama, ta ƙasa ta tsumbure."

Wannan kam gaskiya ne, a gonar albasa. Tabawa ta sunkuya ta ɗauki furen ta kakkaɓe shi.

"Ni dai na ga kabewa daga fure take ɗa. Kuɓewa ma haka."

"Kabewa! Abin da na riƙa da hannuna a Jos kike haɗawa da kabewa? Ke dai tsaya ga tuwonki."

Daga ranar ya ƙulla yaƙi da fure. Kullum in ya dawo masallaci da asuba sai ya ɗauki tsani da kwando, ya bi igiya, ya bi zogale, ya bi rumfa, wanda ya buɗe da wanda bai buɗe ba duk ya tsinke. Ya tsinke na yau, gobe waɗansu su fito kamar da gayya. Tabawa takan tsince su ta jera a bakin randa su yini suna kallonta. Shi kuwa in ya gama sai ya durƙusa a gindin, ya kara kunne a ƙasa.

"Tana girma," yake cewa. "Ina jin ƙasa na tsagewa."

Ana cikin haka aka kawo Zuhura goyon ciki. Ita ce 'yarsu ta fari, tana aure a Maiyama, haihuwar fari kuwa a gaban iyaye ake yin ta. Uban mijinta, Alhaji Khalilu, dattijo mai sanyin magana, ya biyo baya don gaisuwa. Suna zaure ya ce a hankali, "In Allah ya sauke ta lahiya, lemun kwalba na ran suna ni zan kawo."

Uban kirki in an taɓo irin wannan zance na 'yar fari, kai yake sunkuyarwa. Jibrin kuwa sai da ya miƙe tsaye.

"Lemun kwalba? A gidan da ke da albasar sha? Alhaji, in kwalba guda ta shigo gidan ga, to zagina ka yi. Ka dai taho da mutanenka, kowa ya zo da ƙishirwarsa."

"To, madalla," in ji Alhaji Khalilu. "Ba mu kawowa."

Jibrin bai tsaya nan ba. Ya shigo cikin gida ya kafa doka: ran suna ba kunu, ba soɓorodo, kada wani abu ya ɓata wa mutane baki kafin su ɗanɗani tasa.

Tabawa ta san dangin miji. Ba su manta abin da aka ba su ran suna, ba su kuma manta abin da ba a ba su ba. In matan Maiyama suka koma da busasshen maƙogwaro, gori ne yarinyar nan za ta yi ta sha a gidan miji har ta aurar da abin da ke cikinta. Ta idar da salla ta daɗe a kan tabarma tana roƙon Allah ya rufa asiri.

Wata hantsi tana tankaɗe, sai ta ji gyaran murya daga sama. Kubura ce, matar Barau, ta taka turmi ta leƙo ta kan katanga.

"Yaya Tabawa, wai abin ga naku ana cinsa?"

"Wane abu?"

"'Ya'yan mana. Ga su nan rututu a rumfarmu kamar ƙwan agwagwa. Da kore suke, yanzu sun fara ja suna faɗowa da kansu. Jiya guda ya faɗo ma maigida a ka shina cin tuwo."

Ta miƙo ɗaya. Tabawa ta sa wuƙa ta raba shi, ƙanshi ya cika tsakar gida. Ta lasa, ta rufe ido. Ashe can inda tsanin Jibrin bai kai ba, fure ya samu lafiya ya yi abin da Allah ya halicce shi don shi. Ta ce Alhamdulillahi, ta ɗauka magana ta ƙare. Da Jibrin ya dawo ta ajiye masa rabin a gaba.

Jibrin ya zabura. "Ita ce! Ina kinka samo?"

"Gidan Barau. Malam, ashe a sama take..."

"Gidan Barau! Inna lillahi! Ya yi mini rami ta ƙarƙashin katanga!"

"Ba rami, Malam. Rataye suke a rumfa."

"Awo, rataye! Ya haƙo ya rataye yadda shike rataye nama. Mahauci ya san wurin aje abu in ba sama ba?"

Kafin ta sake buɗe baki ya yi waje, hula a karkace. A kasuwa ya iske Barau a bakin teburinsa yana sara ƙashi.

"Gafiya! Mai yi ma maƙwabci rami!"

Barau ya ajiye gatari. "Dillali, rana ce ta taɓa ka?"

"Albasata kake kwasa ta ƙarƙashin ƙasa!"

"Taho gidana yanzu ka gani da idonka."

"Ƙafata ba ta taka gidan gafiya. Ran suna, gaban mutanen gari uku, za a haƙa. Albasa ta fito, raminka ya fito."

"Allah shi kai mu," in ji Barau. "Zan zo da wuri in samu wurin zama."

Barau ya koma gida da fushi, ya ce wa Kubura ko ɓawo kada ya ƙetare katangar nan. Da yamma Tabawa ce ta taka nata turmin.

"Ba don shi ba, ƙawata. Don yarinyar ga."

"Bar ni da maigida," in ji Kubura. "Fushinsa kamar wutar kara ne. Ke dai miƙo sukari."

Sukari ya ƙetara a cikin ƙwarya an rufe da faifai. Kubura ta shiga tsince waɗanda suka faɗo tana tarawa a kwando. Har sun gano waɗanda fatarsu ta yamutse sun fi zaƙi.

Allah ya sauki Zuhura lafiya, aka samu namiji. Ana shirin suna, Jibrin ya tuna wata hikimar ta Aliero: in haƙa ta matso, kwantar da lawashi akai, don albasa ta ƙarasa cika. To nasa lawashin yana kan rumfar madafa. Ya naɗe wando ya hau tsani.

"Malam, rumfar ga ta kara ce."

"Abin da babba ya hango..."

Bai ƙarasa karin maganar ba. Taku ɗaya, rumfa ta buɗe baki ta haɗiye shi. Ya sauka a kan akurki, kaji suka watse suna kururuwa, ɗaya ta bi ta kansa ta fice. Hannun hagu ya karye.

Aka ɗora shi a bayan motar albasa sai Aliero, wurin wani tsohon maɗori, Baba Ummaru. Tsoho ya shafa hannun, ya ce, "Daga ina ka faɗo?"

"Daga kan albasa."

Baba Ummaru ya ɗago kai. "Na tsufa ina ɗori a garin albasa, ban taɓa ganin wanda ya faɗo daga kanta ba. Tuntuɓe dai ka yi."

"Faɗowa na yi, Baba. Tawa ta fi ɗaki tsawo. In lawashi ya kai haka, kai ka auna ta ƙasa."

"Ku riƙe mini shi," in ji tsoho. "In na gama da hannun, ku kai shi a duba kan."

Ihun Jibrin ya tara jama'a, kuma tsakanin ihu da ihu ya gayyace su suna. Manoman albasa suka ce ko gona za ta lalace sai sun je sun ga wannan abu.

Ran suna gari ya waye da rana mai zafi, bayan ruwan da aka yini ana yi jiya. Aka yi addu'a a ƙofar gida, aka raɗa wa yaro Mamuda, aka raba goro. Ga mutanen Maiyama, ga na Aliero, har da na Jandutsi da suka tsinci labari a kasuwa. Mata suka shige ɗakuna, aka shigo da maza tsakar gida. Jibrin ya sha sabuwar riga, hannu a ɗaure da kara an rataye a wuya. Ya jera randuna wayam da kofuna a gefe. Tun da ba shi da hannun haƙa, ya ɗauko Ɗanasabe mai haƙar rijiya. Barau ya zo da kujerarsa ya dasa a gaba. Tabawa na bakin ƙofar ɗakin mai jego, ta ɗaga labule kaɗan.

"Bismilla," in ji Jibrin. "A hankali, kada ka fasa ta."

Ɗanasabe ya kafa dagi. Rami ya kai gwiwa, babu komai sai 'yan saiwoyi.

"Ci gaba. Babba ba ta zama kusa."

Rami ya kai ƙugu. Ɗanasabe ya ce, "Ga wata saiwa mai kauri ta tare hanya."

"Sare ta! Ita ta tsare ƙofa."

Tabawa ta runtse ido. Dagi ya sauka, saiwa ta rabu biyu.

Rami ya kai ƙirji. Ɗanasabe ya share gumi. "Dillali, in ruwa kake so, mun kusa. In albasa ce, ni dai ban gan ta ba."

Wani manomin Aliero ya ce, "Wataƙila ta bi ta ƙasa ta koma Jos."

"An ce ramin ƙarya ƙurarre ne," in ji Barau, "amma naka ya ƙaryata masu iya magana."

Aka bushe da dariya. Alhaji Khalilu bai yi ba, ya dai dubi randunan nan, ya goge wuya da gefen rawani. A cikin ɗaki kuwa wata gwaggon mijin Zuhura ta ce, da muryar da ta tabbata Tabawa za ta ji, "Mu dai ko kunu ne a taimaka muna. A Maiyama ko gidan makoki ana ba baƙo abin jiƙa maƙoshi."

Zuhura ta sunkuyar da kai a kan jaririnta. Tabawa ta damƙe carbi. Ta san akwai randuna cike a bayan katanga, amma ba ta san ko Barau zai bari su ƙetaro ba.

"Ya kwashe!" Jibrin ya daka tsawa. "Duka ya kwashe! Fito, Ɗanasabe, ni zan nuna musu raminsa."

Ɗanasabe ya fito, ya dubi gindin katanga, ya ja da baya har bakin zaure. Jibrin ya sauka ta tsani da sabuwar rigarsa, ya kama dagi da hannu ɗaya, ya shiga caka wa ƙarƙashin katanga.

"Nan ne! Kun ji taushi? Ƙasa ba ta taushi banza!"

Ina za ta ƙi taushi, ƙasar da ta shekara tana shan ruwa safe da yamma? Katanga ta yi wani nishi kamar tsohuwa za ta zauna. Sai kuwa ta zauna.

Jama'a suka watse da salati. Da ƙura ta lafa, ga Jibrin ƙasa ta binne shi har ƙirji, hula ta yi nata wuri, dagi ya yi nasa, ɗaurarren hannu ya miƙe sama kamar tuta. A inda katanga take ɗazu kuwa, ga tsakar gidan Barau a buɗe. Ga rumfa kore shar, furanni sun buɗe farare da shuni, ga 'ya'ya suna reto, kore da ja, rututu. A ƙarƙashi Kubura da 'ya'yanta mata suna tace ruwan fasin furut a randa. Suka yi ƙara, suka ja mayafi, suka ruga ɗaki.

Girgizar ta kaɗo wani nunanne, ya faɗo, ya gangaro ta kan ɓaraguzai, ya zo ya tsaya daidai haɓar Jibrin.

Barau ya tashi daga kujera, ya kakkaɓe riga, ya taka ɓaraguzai ya shiga gidansa ta sabuwar ƙofa. Ya tsaya a ƙarƙashin rumfa.

"Jama'a, akwai wanda ke nan ranar da anka yi shaida a ƙofar masallaci?"

"Muna nan."

"Na sama nawa, na ƙasa nashi?"

"Haka anka yi."

"To ga ni cikin nawa, ga shi cikin nashi."

Dariya ta ɓarke har wani tsoho ya zame daga kan tabarma. Tabawa ba ta yi ba. Idonta na kan randunan. Barau ya ɗan dubi wajen labulen, ya sosa ƙeya.

"Amma jikan Yaya Tabawa jikana ne. Ku kama randunan ga ku ƙetara da su. Ku ce ma mutanen Maiyama gudummawar gafiya ce."

Aka ƙetaro da randuna, ƙanshi ya riga su isowa. Kofuna suka shiga zagaye, na maza a tsakar gida, na mata a ɗaki. Gwaggon nan ta kurɓa, ta shanye, ta miƙo kofi.

"Uwar gida, a ƙara. Wanga ko a bikin birni ban sha irinsa ba. In da iri a ƙulla mini."

Zuhura ta ɗago kai ta dubi uwarta. Tabawa ta kau da fuska kamar yadda uwar 'yar fari ke yi, ta cika wa gwaggo kofi har baki.

A waje Alhaji Khalilu ya lashe leɓe ya ce wa Barau, "Ƙaƙa kake noman ta haka ta yi kyau?"

"Wallahi Alhaji ban yi mata komai ba. Ƙyale ta na yi. Ku dai sha da kyau, na ƙarshe ke nan. Mai ita ya sa an yanke uwar."

Aka duba, ganye ya fara langaɓewa a rana.

Sai a lokacin aka tuna da Jibrin. Ɗanasabe ya fara yaye masa ƙasa da hannu, wani ya ɗora masa hularsa, wani ya miƙa masa kofi. Kowa ya zuba ido. Ya kurɓa, ya juya a baki kamar mai sayen zuma, ya haɗiye. Ya ɗaga kai ya dubi rumfa, ya sunkuya ya dubi ramin da yake ciki.

"Ba laifi," ya ce. "Amma wagga ta sama ce, rana ta dake ta. Ba ta kama ƙafar ta ƙasa ba. Ɗanasabe, ina dagi?"

Aka duba gabas, aka duba yamma, babu dagi. Tun ana hayaniyar randuna Tabawa ta lulluɓa ta fito ta janye shi. Yana can ƙarƙashin gadon mai jego, ɗakin da ko Jibrin Dillali ba zai taka ba sai an yi arba'in. Ita kuwa tana zaune a bakin gadon, jikanta a cinya, ƙullin iri a haɓar zane, tana jan carbinta.